Bayan faifai: ciniki da takun-saƙa a waƙoƙin ƙungiyar Beatles

Duk wanda ya taɓa riƙe faifan garmaho ya san fuska biyu gare shi. Idan waƙar fuska ɗaya ta ƙare, sai a ɗaga allura, a juya faifan, a sake ɗora ta. Wannan juyin, wanda yaran yanzu ba su san shi ba, shi ya raba waƙoƙin Turawa gida biyu na tsawon shekara arba'in ko fiye. Akwai waƙar gaba, wadda kamfani ke yi wa lamba A, akwai kuma waƙar baya mai lamba B. Ta gaba ita ce hajar da aka kasa, ita ake kai wa gidajen rediyo, ita ake yi wa talla. Ta baya kuwa, a yadda kamfanoni suka ɗauke ta tun farko, gyara ce, irin ɗan abin da mai awo ke ƙara wa mai saye bayan ya cika mudu.

Sai dai wannan gyaran yana da wani hali da gyaran kasuwa ba shi da shi: ana biyan kuɗinsa daidai da kuɗin hajar. Tarihin Beatles, ƙungiyar mawaƙan rok ta birnin Liverpool da ke Ingila, ya nuna haka fiye da na kowa. Daga 1962 zuwa 1970 sun fitar da ƙananan faya-fayi 22 a Birtaniya, kuma wanda ya bi bayan faya-fayin nan ɗaya bayan ɗaya zai ga yadda iko ya riƙa sauya hannu tsakanin mutum huɗu, John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr, har zuwa rabuwarsu.

Ƙaramin faifai da iyakarsa

Kamfanin RCA Victor na Amurka ne ya fito da ƙaramin faifan a 1949, shekara guda bayan abokin hamayyarsa Columbia ya fito da babba. Ƙaramin faɗinsa inci bakwai ne, yana juyawa sau 45 a minti, kowace fuska tana ɗaukar waƙa guda ta minti uku ko huɗu. Idan aka matsa masa fiye da haka, dole a ƙuntata layukan da allura ke bi, sautin kuma ya yi rauni. Babban faifai yana juyawa sau 33 da sulusi, yana ɗaukar waƙa goma sha biyu ko sha huɗu, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta. A Ingila ta shekarun 1960 ƙaramin faifai yana kan wajen sulusin fam, babban kuwa ya haura sule talatin. Saboda haka kasuwar matasa a kan ƙaramin take, kuma da yawan cinikinsa ake tsara jadawalin mako-mako na waƙoƙin da suka fi kasuwa.

Tunda faifai ba ya fita da fuska ɗaya fayau, dole a samo abin da za a sa a baya. Yawancin kamfanoni ba su ɓata lokaci a kai. Wani furodusa a Amurka, Phil Spector, da gangan yake cika bayan faya-fayinsa da kiɗan da aka yi a gurguje ba tare da murya ba, don kada mai sanya faifai a rediyo ya yi sha'awar juyawa ya raba hankalin masu sauraro. Tsoron nasa yana da dalili, domin an sha juyawa a ga abin mamaki. Waƙar Bill Haley mai suna "Rock Around the Clock", wadda ake lissafawa cikin waɗanda suka buɗe wa kiɗan rok ƙofa, a bayan faifai ta fara fita a 1954, a ƙarƙashin wata waƙa mai suna "Thirteen Women" da kusan kowa ya manta da ita. Sai da aka sa ta a fim ɗin "Blackboard Jungle" a 1955 kafin ta mamaye kasuwa. Haka "Maggie May" ta Rod Stewart a 1971: 'yan rediyo ne suka juya faifan suka fifita ta a kan wadda kamfani ya zaɓa.

Ƙa'idar kada a sayar sau biyu

Faifan Beatles na farko, "Love Me Do" a gaba da "P.S. I Love You" a baya, ya fita ranar 5 ga Oktoba 1962 a ƙarƙashin Parlophone, wani reshe na kamfanin EMI, ya tsaya a matsayi na 17. Abin lura shi ne duka waƙoƙin biyu Lennon da McCartney ne suka rubuta, a zamanin da al'ada ita ce kamfani ya ɗauko wa sabon mawaƙi waƙa daga ƙwararrun marubuta. A haka suka ci gaba: duk fuskokin ƙananan faya-fayinsu na Birtaniya, gaba da baya, waƙoƙin gida ne.

Bayan kundinsu na farko, su da manajansu Brian Epstein da furodusansu George Martin suka bi wata ƙa'ida da ɗan kasuwa zai yi mamakinta. Waƙar da ta fita a ƙaramin faifai ba a mayar da ita cikin babban kundi, don kada wanda ya sayi duka biyun ya biya kuɗin waƙa ɗaya sau biyu. Sun saɓa ƙa'idar a wasu lokuta, musamman a waƙoƙin fina-finansu, amma a kanta suka fi tsayawa. Shi ya sa manyan waƙoƙi irin su "She Loves You" da "I Want to Hold Your Hand" na 1963 babu su a kundayen Birtaniya na lokacin, balle waɗanda ke bayansu, wato "I'll Get You" da "This Boy". Wanda yake son "This Boy", waƙa mai taushi da mutum uku suka haɗa murya a cikinta, ba shi da wata hanya sai ya sayi ƙaramin faifan. Ta nan waƙar baya ta fara yin daraja a idon mai saye.

Kamfanin Capitol, wanda ke fitar da kayansu a Amurka, bai yarda da wannan kunya ba. Yana rage waƙoƙin kowane kundi, ya cusa na ƙananan faya-fayi, ya haɗa ragowar ya fitar da wani kundin daban da sabon suna. Har bayan faifai yakan sauya: "I Want to Hold Your Hand" ta Amurka "I Saw Her Standing There" ce a bayanta. Sai a 1967 kundayen ƙasashen biyu suka fara zama iri ɗaya.

Inda kuɗin yake

A yarjejeniyarsu ta farko da EMI, abin da 'yan Beatles ke samu a matsayin masu rerawa kwabo ɗaya ne a kan kowane faifai da aka sayar, su raba huɗu bayan manaja ya cire kasonsa. Kuɗin marubucin waƙa daban ne. Dokar Birtaniya ta lokacin ta ware kashi shida da kwata cikin ɗari na farashin faifai ga masu haƙƙin waƙoƙin da ke kansa, kuma a ƙaramin faifai rabon daidai ake yi tsakanin fuskokin biyu. Dokar ba ta tambayar wace waƙa ce ta jawo mai saye. Idan faifai ya sayu miliyan ɗaya saboda waƙar gaba, marubucin ta baya ma an sayar masa da miliyan ɗaya, ko da babu wanda ya taɓa juyawa ya saurare shi. Abin da ta gaba ta fi shi da shi shi ne kuɗin sanyawa a rediyo da talabijin.

Wannan lissafi ya ɓata zumunci a ƙungiyoyi da yawa. A 1975 ƙungiyar Queen ta fitar da "Bohemian Rhapsody" ta Freddie Mercury, mai gangarsu Roger Taylor kuma ya dage sai an sa tasa waƙar, "I'm in Love with My Car", a baya. Aka sa, ya kwashi rabon da ya yi daidai da na Mercury daga cinikin faifan, abin ya daɗe yana ci wa sauran rai. Sai a 1989 suka kashe maganar, suka koma sa sunan ƙungiya gaba ɗaya a kan kowace sabuwar waƙa.

A Beatles abin ya zo da wani salo. Lennon da McCartney sun yi alkawari tun suna samari cewa duk waƙar da ɗayansu ya rubuta za ta fita da sunayensu biyu, kuma kamfanin Northern Songs da aka kafa a 1963 tare da Dick James shi ke riƙe da haƙƙin. Don haka ko waƙar wane ce a gaba, kuɗin da zai shiga aljihun kowannensu bai canja ba. Rigimar da ke tsakaninsu ta girma ce da suna: muryar wa duniya za ta ji a rediyo wata uku masu zuwa. Wanda maganar kuɗi ta shafa kai tsaye shi ne Harrison, ƙaraminsu a shekaru, wanda ake ba waƙa ɗaya ko biyu a kundi, ba a kuma ba shi ko bayan faifai har tsawon shekara biyar.

Ɗakin gwaji

Tunda ba a sa ran waƙar baya ta ci kasuwa, babu mai tsaya mata a kai. Beatles suka mayar da wannan sakacin dama. Misali mafi kyau shi ne "Rain", wadda ta fita a bayan "Paperback Writer" a tsakiyar 1966. A situdiyon EMI da ke titin Abbey Road a Landan suka kaɗa kiɗan da sauri, sannan aka rage gudun zaren ɗaukar sauti, sai ganguna da jita suka yi nauyi da kauri irin wanda hannu kaɗai ba ya bayarwa. A ƙarshen waƙar kuma aka juya muryar Lennon tana tafiya da baya, abin da kusan ba a taɓa ji ba a faifan da aka yi don kasuwar matasa. Ringo Starr ya sha faɗin cewa bai taɓa kaɗa ganga da kyau kamar yadda ya yi a wannan waƙa ba. A ra'ayina, wanda ya saurari fuskokin biyu a jere zai ji cewa ta gaba tana nuna inda ƙungiyar take a 1966, ta baya kuwa tana nuna inda za ta. Wata biyu bayan haka kundin "Revolver" ya fito cike da irin waɗannan dabaru, kuma a ƙarshen watan Agusta suka daina yawon wasa a gaban jama'a baki ɗaya.

Ba duk gwajin ba ne mai nauyi. Faifansu na ƙarshe a Birtaniya kafin rabuwa, "Let It Be" na Maris 1970, abin da ke bayansa shirme ne na raha mai suna "You Know My Name (Look Up the Number)", wanda suka fara ɗauka tun 1967 suna kwaikwayon muryoyin mawaƙan kulob, Brian Jones na ƙungiyar Rolling Stones yana busa musu saksafon. Kafin faifan ya fita Jones ya rasu.

Faifai mai gaba biyu

A ƙarshen 1965 aka rasa yadda za a yi. Lennon yana son "Day Tripper" a gaba, mafi yawan sauran suna ganin "We Can Work It Out" ta fi kasuwa. Sulhun da aka yi shi ne a fitar da faifan ba tare da waƙar baya ba, a kira kowace fuska A, a bar rediyo ya zaɓa. Ya fita ranar 3 ga Disamba 1965, rana ɗaya da kundin "Rubber Soul", kuma babu ko ɗaya daga cikin waƙoƙin biyu a kundin.

Faifai mai gaba biyu da aka fi tunawa shi ne na Fabrairu 1967: "Strawberry Fields Forever" ta Lennon da "Penny Lane" ta McCartney, dukansu a kan wuraren ƙuruciyarsu a Liverpool. An yi su ne don kundin da ake haɗawa, "Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band". Amma an daɗe ba a fitar da sabon faifai ba, kamfani da Epstein suka matsa, Martin ya miƙa musu mafi kyawun abin da ke hannunsa. Ta Lennon ɗin ma aikin haɗi ce: an ɗauke ta sau biyu da gudu daban da amo daban, ya ce yana son farkon wannan da ƙarshen waccan, Martin da injiniya Geoff Emerick suka ƙara wa ɗaya gudu suka rage wa ɗaya har suka haɗu.

Sakamakon bai yi daɗi ba ta fuska biyu. A Birtaniya faifan ya tsaya a na biyu, a bayan "Release Me" ta Engelbert Humperdinck, karo na farko tun 1963 da sabon faifansu ya kasa hawa kan jadawali. Sannan ƙa'idar kada a sayar sau biyu ta hana waƙoƙin shiga kundin da aka yi su dominsa. Martin ya ce daga baya wannan na cikin manyan kurakuran aikinsa. A Amurka, inda mujallar Billboard ke lissafa kowace fuska daban a lokacin, "Penny Lane" ta zo ta ɗaya, "Strawberry Fields Forever" ta tsaya a ta takwas. Wato an ba Lennon amsa a rubuce game da wanda kasuwa ta fi so.

Lennon a baya

Epstein ya rasu a watan Agusta 1967, kuma daga nan babu wani na waje da zai raba gardama. Idan aka jera faya-fayin da suka biyo baya, hoton a fili yake. Nuwamba 1967, "Hello, Goodbye" ta McCartney a gaba, "I Am the Walrus" ta Lennon a baya. Agusta 1968, "Hey Jude" ta McCartney a gaba, "Revolution" ta Lennon a baya. Afrilu 1969, "Get Back" ta McCartney a gaba, "Don't Let Me Down" ta Lennon a baya. Mutumin da ya kafa ƙungiyar, wanda muryarsa ta fi rinjaye a shekarun farko, ya zama mai cika bayan faifai.

Abin ya ƙona masa rai, bai kuma ɓoye ba a hirarrakin da ya yi bayan rabuwa. Yana ganin "I Am the Walrus" ta fi "Hello, Goodbye" nesa ba kusa ba, masu sharhi da yawa kuma sun goyi bayansa daga baya. Amma ta fuskar ciniki hujjar McCartney da Martin ta fi ƙarfi: BBC ta hana sanya waƙar Lennon saboda wata kalma a cikinta, ita kuwa "Hello, Goodbye" ta yi mako bakwai a kan jadawalin Birtaniya. "Revolution" ta fi zafi. Waƙa ce a kan tarzomar siyasa ta 1968, Lennon yana son ta fita da wuri a matsayin bakin ƙungiyar. McCartney da Harrison suka ce yadda aka fara ɗaukar ta ta cika sanyi. Ya sake ta da sauri, da jita mai ƙara kamar za ta fasa lasifika, duk da haka ta ƙare a baya, domin a lokacin McCartney ya kawo "Hey Jude". Wannan kuwa babu mai ja da ita: minti bakwai da 'yan daƙiƙu, tsawon da sai da injiniyoyi suka yi dabara kafin ya shiga fuska ɗaya, kuma ta yi mako tara tana ta ɗaya a Amurka. "Revolution" ta kai ta 12 a can da ƙafarta, matsayin da mawaƙa da yawa ba su taɓa samu da waƙar gaba ba.

Bai kamata a ce an danne Lennon kwata-kwata ba. "All You Need Is Love" ta 1967 da "The Ballad of John and Yoko" ta 1969 nasa ne, kuma a gaba suka fita. Amma "Don't Let Me Down" ta sha kashi sau biyu: an sa ta a baya, sannan da aka ba Phil Spector aikin haɗa kundin "Let It Be" a 1970, ya cire ta daga ciki.

Harrison ya shigo ta ƙofar baya

Waƙar Harrison ta farko da ta hau ƙaramin faifan Beatles ita ce "The Inner Light", a bayan "Lady Madonna" a Maris 1968. Ya ɗauki kiɗanta a birnin Bombay na Indiya, wanda yanzu ake kira Mumbai, tare da makaɗan ƙasar, babu jita babu gangar Turawa. A shekarar ce yarjejeniyarsa da Northern Songs ta ƙare, ya ƙi sabuntawa, ya koma fitar da waƙoƙinsa ta kamfaninsa na kansa, Harrisongs. Saboda haka lokacin da "Old Brown Shoe" ta fita a bayan "The Ballad of John and Yoko" a 1969, rabon marubucin wannan fuska gidansa ya nufa. A Oktoba 1969 ya samu gaba a karon farko da "Something", wadda aka haɗa da "Come Together" ta Lennon a faifai mai gaba biyu. A nan ma aka karya tsohuwar ƙa'ida, domin duka waƙoƙin suna cikin kundin "Abbey Road" da ya riga ya shiga kasuwa. Su kuwa Lennon da McCartney, a wannan shekarar Dick James ya sayar da hannun jarinsa ga kamfanin ATV, suka rasa iko da Northern Songs. A 1985 Michael Jackson ya sayi ATV Music a kan dala miliyan 47.5, da waƙoƙin gaba da na baya duka.

Bayan an daina juyi

Da faifan CD ya zo, kundayen Beatles suka koma kansa a 1987, sai aka tarar cewa waƙoƙi fiye da talatin ba su da gida saboda ƙa'idar nan ta kada a sayar sau biyu. Aka tattara su a kundi biyu masu suna "Past Masters" a 1988, kuma ta nan ne matasan wancan lokaci da yawa suka fara jin "Rain" da "The Inner Light". Al'adar waƙar baya ta rayu a Birtaniya har shekarun 1990, ko da yake CD ba shi da baya: ƙungiyar Oasis ta birnin Manchester, wadda ba ta ɓoye koyi da Beatles, ta sa "The Masterplan" a matsayin ƙari ga "Wonderwall" a 1995, daga baya ta tara irin waɗannan waƙoƙi a kundi guda a 1998. Abin da ya kashe al'adar shi ne sayar da waƙa ɗai-ɗai ta intanet, sannan sauraro ta manhajoji irin su Spotify, inda ake biyan kowace waƙa gwargwadon yawan waɗanda suka kunna ta, babu wadda ke hawa bayan wata ta kai kasuwa.

A ranar 2 ga Nuwamba 2023 McCartney da Starr suka fitar da "Now and Then", wadda aka ciro muryar Lennon a cikinta daga wani tsohon kaset da ya ɗauka a gida a ƙarshen shekarun 1970. An buga ta a faifan garmaho mai inci bakwai, aka sa "Love Me Do" ta 1962 a ɗaya fuskar, aka kira duka biyun A. Ta hau kan jadawalin Birtaniya, shekara 54 bayan "The Ballad of John and Yoko" ta yi haka.